Carbin Baba: kahraman ne ko roba?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum. Baba ya rasu bara, Allah Ya jiƙansa. A kayansa akwai carbi mai ƙwaya 33, ruwan zuma, da ya sayo a Makka zamanin mulkin Janar Acheampong a Ghana. Kullum cewa yake kahraman ne. Cikin ƙwaya ɗaya akwai ɗan baƙin abu. Muna yara mukan ɗaga ta a rana muna gardama, ni in ce sauro ne, ƙanwata ta ce tururuwa. Yanzu Yaya ya nace a sayar a raba kuɗin, wai wani dillali ya taya sidi dubu biyu. Ni raina bai kwanta ba. Ruwan 3 ga Yuni 2015 ya cinye hotunan Baba kaf, lokacin muna haya a unguwar Alajo a Accra, har da na aurensa da Umma. Don Allah wanda ya san kahraman, yaya ake gane na gaske?

Mai Tsakiya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya gafarta masa. Na daɗe ina kai kaya kasuwar tsakiya, wato duwatsun ado, ta Koforidua ranar Alhamis, na ga irinsa da yawa. Kahraman ba dutse ba ne, ƙaron itace ne da ya daskare a ƙasa shekaru miliyoyi. Na gaɓar tekun Baltik ya kai wajen miliyan 40, mafi yawansa kuma daga Kaliningrad ta Rasha ake haƙo shi. Ƙwaro kan maƙale tun ƙaron na ɗanye, ya zauna yadda yake har ƙafafunsa, don haka gardamarku da ƙanwarka ba shirme ba ce. Gwaji: narka gishiri a kofin ruwa har ya ƙi narkewa, ka kunce ƙwaya ɗaya ka jefa. Na gaske zai taso, irin robar Bakelite da aka riƙa shigo da ita daga Turai za ta nutse. Amma ɗanyen ƙaro ma yana tasowa, kada ka yi saurin murna. Kuma kar ka bari a ɗana masa allura mai zafi, tabon ba ya fita.

Malamin Sabon Zango:
Ka goga shi a bargo ka kai kusa da guntun takarda, zai ja ta. Sunan daga Farisanci ya fito, ma'anarsa mai jan ciyawa, shi ya sa Larabawa ke ce wa lantarki kahraba. Sai dai ɗana, carbin nan gado ne, Yayanka da ƙanwarka suna da haƙƙi. In kana so, a yi masa kuɗi ka biya su rabonsu.

Hajiyar Madina:
Kai yaro, kuna ta sauro da tururuwa, wa ya san yadda Babanku ya tara kuɗin Hajjin? Uwata ta rasu da labarin korar baƙi daga Ghana ta 1969 a bakinta, yadda maƙwabta suka sayar da gadaje suka hau mota zuwa Najeriya. Kullum ina cewa gobe zan zauna da ita. In akwai tsohuwa a gidanku, ɗauki waya ka je yau.

Ɗan Nima:
Na gode muku. Na gwada jiya bayan isha'i, ƙwayar ta nutse kamar tsakuwa. Yaya ya yi dariya ya ce ya yafe mini rabonsa, ƙanwata ma haka. Na kai wa Gwaggo a Mamobi ta sake zura shi. Tana riƙewa ta ce ai ta san carbin, Baba ya taɓa jinginar da shi wajen wani mai goro ranar da aka haife ni, sai bayan suna ya fanso. Ban taɓa ji ba. Na ɗauki muryarta minti 47, kuma ta ce in koma Juma'a, ba ta ma kai kan zuwansu daga Salaga ba.