Daga Kano zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a mota: wace hanya, wane wata?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne muke shirin zuwa Gashaka-Gumti daga Kano, da Corolla. Waɗanda suka san hanyar su taimaka: ta ina ake bi, kwana nawa, kuma ƙaramar mota za ta iya? Muna tunanin watan Agusta saboda hutu.

Direban Mambila:
Wa alaikumus salam. Malam, fara cire Agusta daga lissafi. Damina a can tana sauka tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen Nuwamba, kuma tsakanin Serti da ƙauyen Gashaka akwai kogin Kam da ake ratsawa. Idan ya cika, ko Hilux tsayawa take a bakinsa. Daga Disamba zuwa Maris ake zuwa, lokacin ruwa ya ja, ciyawa ta kwanta.

Hanya kuwa: Kano, Wudil, Birnin Kudu, sai ka zaɓa, ko ta Ningi da Bauchi, ko ta Darazo da Dukku, duk Gombe za su kai ka. Daga Gombe sai Kumo, Billiri, Kaltungo, Numan, Jalingo. Daga Jalingo ka ɗauki hanyar Garba Chede zuwa Bali, daga Bali sai Serti, inda za ka samu jami'an gandun. Tafiyar ta kusa kilomita 1,000. Kar ku yarda ku haɗa ta a kwana ɗaya. Ku kwana a Gombe, ku kwana a Jalingo, rana ta uku ku tashi bayan asuba ku shiga Serti da sauran rana. Tsakanin Numan da Jalingo da kuma bayan Bali, magariba kar ta same ku a hanya. Ramuka ga kuma maganar tsaro. A kowace tasha ku tambayi direbobin haya labarin gaba, su ne suka bi ta jiya.

Corolla za ta kai ku Serti idan an bi ta a hankali. Daga nan ku ajiye ta. Cikinta ya yi ƙasa, dutse ɗaya ya daki tukunyar baƙin mai, tafiya ta ƙare.

Bakanike Kofar Ruwa:
Gaskiya ya faɗa a kan Corolla. Kafin ku tashi a yi juyen baƙin mai, a duba birki, a duba fambel da tiyon lagireto, don tsohon tiyo a doguwar tafiya yake fashewa. Safaya biyu, ba ɗaya ba, da jak mai aiki, da sifanar taya, da ƙaramin famfon iska, da guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai idan ƙasa ta yi laushi. Ƙara da galan ɗin ruwa lita 5, man birki gwangwani ɗaya, fis-fis, da filtar mai guda a ajiye.

Dalilin filtar: bayan Jalingo gidajen mai suna ƙaranci, wata rana dole ka sha a hannun 'yan bumburutu, man nan kuwa yakan zo da datti ko ruwa. Idan mota ta fara shaƙewa a kan hawa tana fizga, yawanci filtar ce ta toshe. Ku cika tanki a Jalingo, ku ƙara jarka lita 25, ku sake cikawa a Bali ko tankin bai kai rabi ba.

Idan kun yi hayar Hilux a Serti kuma ɗayanku ne zai tuƙa, ga yadda ake ratsa ruwa. Mutum ya fara shiga da ƙafa da sanda, ya ji zurfi da inda duwatsu suke. Ruwan da ya haura gwiwa kuma yana gudu, a haƙura. A sa 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, sannan giya ta biyu, a tafi da wuta ɗaya, ba a taka kuloci a tsakiya. In ta mutu a cikin ruwa kar a sake yi mata ki: ruwa ya shiga ta hanyar iska, ka murza, sandar fistin ta lanƙwashe. An fita, a ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe.

Malama Taraba:
Ɗan'uwa, ku gyara tsammaninku kuma. Wannan ba Yankari ba ne da za ku zauna a mota a zaga da ku, ku dawo ku yi wanka a Wikki. Gashaka-Gumti shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an kafa shi a 1991, kuma ɓangaren kudu duwatsu ne da kurmi. Da ƙafa ake ganinsa. Gwaggon biri da sauran birai ba sa wuyar gani, akwai gurbin dorina a kogin Kam, akwai kufan ganuwar Jamusawa kusa da ƙauyen Gashaka. Chimpanzi yana nan a kurmin Kwano, amma sau da yawa kukansa ko sheƙarsa a kan bishiya za ku samu, ba shi ba.

Ba a shiga sai da takardar izini da rakiyar ma'aikacin gandu, don haka ku tuntuɓi ofishinsu tun kuna Kano, ku ji kuɗin shiga da na masauki da ɓangaren da aka buɗe. Ku riƙe tsabar kuɗi, sabis yana ɗaukewa da zarar an bar Serti. Abinci ku yi sayayya a Jalingo: shinkafa, taliya, garin kwaki, sadin, ruwa aƙalla lita 4 kowane mutum a yini. Tsando yana da yawa a bakin rafi kuma yana bin baƙi da shuɗin kaya, ku sa mai ruwan ƙasa mai dogon hannu. Gidan sauro dole. Takalmi rufaffe, ba silifa ba. Asibitin saran maciji na Kaltungo da za ku wuce a hanya ya yi muku nisa sosai daga can.

Direban Mambila:
Na manta: in Chappal Waddi kuke so, dutsen da ke cikin gandun wanda ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, galibi ta kan Mambila ake hawansa, ta wajen Nguroje, kuma tafiyar kwanaki ce da ƙafa. Ku ware masa lokacinsa daban, da rigar sanyi mai kauri. Wajen saukowa daga Mambila ku sa giya ta biyu, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai Mayo Selbe, garin da ke gindin tsaunin.