Bayan aure ya mutu, wa zai biya kuɗin jami'ar yarinya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni a wani ƙauye nake ta wajen Ringim, aurena da baban yarana ya mutu shekara 6 ke nan, yaran biyu duk suna hannuna, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake riƙe da su. Babbar ta gama sakandare, kuɗin NECO ma akuyata na sayar na biya, yanzu Allah ya yi ta samu gurbi a jami'ar tarayya ta Dutse. Na tura ta wajen uban da takardar sai ya ce wai ba da shawararsa aka yi ba, shi ga mai son ta nan a yi mata aure, in kuma boko muke so to wadda ta ɗauko ta sauke. Kuma wlh ba babu ba ce, bana riɗi ya kai Maigatari buhu-buhu har babur ya canza. Yarinya ta dawo kwana biyu ko tuwo ba ta ci ba. Kotu zan kai shi ko ya zan yi?

Malam na Gujungu:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, saki igiyar aure yake tsinkewa, ba ya tsinke tsakanin uba da 'yarsa. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da ita, ciyar da 'ya mace da tufatar da ita yana wuyan uba har ta yi aure ta tare, namiji kuma har ya balaga ya iya nema, ko da kuwa a hannun uwa suke zaune. Amma kar in ruɗe ki, kuɗin jami'a ba kamar ci da sha ba ne da za a ce kai tsaye dole, alƙali zai duba ƙarfin mutumin ne, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa. Ni dai kar ki fara da kotu. Ki sa waliyyinki ya samu yayan mutumin ko limamin garinsu, in abin ya faskara a je Hisba, kotu ta zama ta ƙarshe.

Ɗan Kasuwar Laraba:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni zan faɗi wadda ba za ki so ba. Kun cike JAMB ba ku gaya masa ba, kun zaɓi makaranta ba ku gaya masa ba, sai ranar biya aka tuna da shi? Ni ma na rabu da uwar ɗana kuma ina biya, amma ranar da aka aiko min yaro da lissafi kamar ɗan karɓar haraji raina ya ɓaci sosai. Namiji ko ba komai yana so a ce da shi aka yi.

Yaya Mai Adashi:
Kai malam shekara 6 yana ina bai tambayi ajin da take ba? Hmm bari dai in yi shiru. Ƙanwata abu ɗaya zan roƙe ki, ki daina aiken yarinyar nan, irin wannan aiken ne ya sa ɗana har yau ba ya iya haɗa ido da ubansa, duk baƙar maganar da aka so a gaya min shi aka gaya wa. Manya su je. Kuma in ya amsa kar a tsaya a "in sha Allahu zan yi", a rubuta a takarda gaban mai unguwa da shaidu, nawa ne kuma yaushe, a ɗaure shi da kaka lokacin da amfani ke hannu, don manomi in damina ta faɗi taki kawai yake gani. Ni haka muka yi, shi rajista, ni kuɗin ɗaki da garin kwaki da na mota.

Malamin Firamare:
Kafin a gama zaman sulhu lokacin rajista zai iya wucewa fa. Akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kai, makarantar suke tura wa kuɗin kai tsaye sannan ɗalibi ya riƙa samun naira 20,000 a wata na kashewa, biya kuma sai shekara 2 bayan gama bautar ƙasa. Za ta buƙaci NIN da BVN da lambar JAMB ɗinta, sai dai sai ta zama ɗalibar makarantar tukuna kuma ba ya fitowa yau-yau, don haka na farkon nan dole ku nemo shi. Ta kuma nemi tallafin hukumar sukolashif ta Jigawa tunda 'yar jiha ce. Bashi ne dai, ita zai hau, kar uban ya ji ya ce shi ke nan an sauke masa.

Uwar Biyu:
Na gode Allah ya saka. Ɗan kasuwa maganarka ta yi min zafi amma gaskiya ban gaya masa zancen JAMB ba, tsoro na ji kar ya hana. Kawu ya ce ranar Juma'a bayan an sauko zai je shi da liman. Yaya ni ce zan ɗauki adashi wata mai zuwa, zan riƙe shi saboda rajistar. Malam BVN ɗin nan sai ta je banki da kanta ko masu POS ma suna yi? Garinmu ba banki.