Waɗanda suka taɓa shiga Fadar Hisham a Ariha, ku ba mu labari

Mai buɗe zance, daga Zariya:
Salamu alaikum. Kawuna na shirin ziyarar Masallacin Ƙudus ta hanyar Jodan, kuma an saka musu rabin wuni a garin Ariha da ke Falasɗinu, har da wani wuri wai shi Fadar Hisham. Kawu ya ce ai kango ne, gara ya yi zamansa a mota. Don Allah wanda ya taɓa shiga ya gaya mana abin da idonsa ya gani.

Mai aikin tayil, daga Kano:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce wa Baba ya sauko daga motar nan. Na je a 2022, shekara guda bayan an buɗe rumfar da Japan ta biya kuɗin ginawa a kan daɓen gidan wankan fadar. Kafin nan yashi aka zuba aka rufe shi don kada ya lalace. Daɓe ne na ƙananan duwatsu masu launi, ya haura murabba'in mita 800, an raba shi gida 38 kamar an jera dardumai, kowace da zanenta. Ba a takawa, ta wata gada ake bi ana leƙowa daga sama. Shekarata 20 ina shimfiɗa tayil, amma da na dubi layin nan ban ga inda ya karkace ba, sai na ji kunyar awon da nake yi da igiya. A wani ɗan ɗaki can gefe akwai hoton bishiya mai 'ya'ya: hagu barewa biyu na cin ganye, dama zaki ya danne ta uku. Sai da direba ya biyo ni ciki.

Wata malama, daga Jos:
Mu da ayarin coci muka je, Jeriko muke ce wa garin. Mai yi mana jagora sauri yake ta yi, minti 30 kacal ya ba mu. Ɗan gidan adana kayan tarihin da ke harabar kuwa a tsaye na leƙa shi, na ga tukwane da fitilun ƙasa, shi ke nan. Har yau abin na yi mini ciwo. A riƙe ruwa, garin na ƙasa da teku da kimanin mita 250, zafinsa ba wasa.

Ɗalibi a Amman:
Malama, ko wuni kika yi, rabi za ki gani. An haƙa wurin tsakanin 1934 da 1948, Bafalasɗine Dimitri Baramki na cikin jagororin aikin, kuma adon bangon da aka tono an kwashe shi zuwa gidan tarihin da aka buɗe a Ƙudus a 1938, wanda ake kira Rockefeller. Tun 1967 gidan tarihin yana hannun Isra'ila. Can na ga mutum-mutumin wani basarake tsaye bisa zakuna biyu, da katakan sassaƙa na Masallacin Aƙsa. Direban da ya kai ni Ariha ya ce shi bai taɓa ganinsu ba, shiga Ƙudus sai da takardar izini, ga shi tafiyar ba ta kai ta Kano zuwa Wudil ba. Ban san me zan ce masa ba.

Wani dattijo, daga Maraɗi:
Yaro, mutum-mutumi a gidan halifa? Anya kuwa?

Ɗalibi a Amman:
Wallahi Baba, ni ma na yi turus. Ginin Banu Umayya ne. Halifa Hisham ɗan Abdulmalik ya yi mulki daga 724 zuwa 743, amma wasu masana na cewa ɗan ɗan'uwansa Walid ne ya gina, shi kuwa an san shi da son shagali. Ba a daɗe ba girgizar ƙasa ta rusa wurin.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Kawu, ya ce zai sauko, amma yana tambaya ko gadar tana da matakala da yawa, don gwiwarsa na damunsa.