Harara-garke ko saɓanin ido: wanne za a faɗa a gaban uwa?

Malamar firamare, Unguwar Rimi: Jama'a, a taya ni. Ina rubuta wa iyayen ɗalibaina takarda saboda 2 ga Afrilu, ranar wayar da kai kan otizim, yanayin da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Na zo kan abin da likitoci ke kira sitirabismos, inda ido ɗaya ke kallonka, ɗayan ya nufi hanci ko kunne. Na san muna da harara-garke, amma a bakin yara masu tsokana na fi jin ta. Ya zan dubi uwa in ce mata ɗanki harara-garke ne?

Dattijo, Tudun Wada: 'Yata, da ita muka tashi, kuma ba zagi ba ce a asali. Hoton mai kiwo ne, yana magana da kai, ido ɗaya na kan dabbobinsa. Ko tsohuwa a ƙauye ta san ta. Ki ƙirƙiro sabuwa, sai kin bi kowa da fassara.

Ma'aikaciyar jinya, Kawo: Baba, a gafarce ni, a ɗakin duba marasa lafiya kalmar tana rufe bakin uwa. Ni saɓanin ido nake cewa, kuma ta fi kama abin da ke faruwa. Tsokoki 6 ke juya kowane ido, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni. Sau da yawa tsokar lafiyarta lau, haɗin kan ne babu. Shi ya sa ake yawan ganin sa ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu tangarɗa wajen girma, kuma bincike da dama ya same shi ga masu otizim fiye da sauran yara. Amma Malama, kar takardarki ta ce ɗaya ke haifar da ɗaya. Yawancin masu saɓanin ido ba su da otizim ko kaɗan.

Malamar firamare: To ga inda nake tuntuɓe. Uwa za ta ce "ba ya kallon mutane", alhali abu biyu ne. Akwai yaron da idonsa daidai yake amma yana kauda shi, ba ya son haɗa ido, wannan ɗabi'a ce da ake gani a otizim. Akwai wanda yana kallonki sarai, idon ne ya kauce.

Ma'aikaciyar jinya: Yauwa. Kauda ido daban, saɓanin ido daban. Na biyun, in ya wuce wata 4 da haihuwa bai daidaita ba, a kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, kar a zauna jiran ya girma. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta jure hoto biyu, sai ta daina karɓar na idon da ya kauce, ganinsa ya raunana. Turawa ragon ido suke ce masa, wato malalacin ido.

Dattijo: Ragon ido kuma? Ido bai ƙi aiki ba, watsi aka yi da shi. Yasasshen ido kenan, kamar yasasshiyar rijiya.

Ma'aikaciyar jinya: Wallahi Baba ka fi Bature. Har maganin ya fito a ciki: tabarau, ko a rufe mai lafiyar na wasu sa'o'i kullum don a koma ɗiban ruwa a yasasshen. Ya fi ci kafin shekara 7.

Ɗalibi, Barnawa: Otizim ɗin fa? Na ji rediyo na cewa galahanga.

Malamar firamare: Galahanga ta zama buhu, an zuba mata yaron da wuyansa bai tsaya ba, da wanda bai yi magana ba, da kowa. Otizim zan bari yadda yake tukuna. Na rubuta: saɓanin ido, wanda aka fi sani da harara-garke. Baba, ka ga ban kore ta ba.

Dattijo: Kin dai sa ta a kujerar baya.