Yadda Za a Karɓi Tatsuniyar da Ɗalibi Ya Sabunta

Malaman Hausa da suka tattauna a Kaduna sun amince cewa idan ɗalibi ya sake saƙa tatsuniya, kada malami ya yi saurin zaro jan biro don kawai Gizo ya hau Keke Napep a Kawo. Abin dubawa shi ne ko wayonsa da kwaɗayinsa suna nan. Sun fi daɗewa kan labarin Bayajida, domin wata ɗaliba ta ba da shi ta bakin macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma a ganina wannan dabara ta cancanci yabo a gaban aji. Sai dai sun ce a riƙa bambance wa yara almara da tarihi.