Farin ruwan inabi na 2014: in buɗe, in sayar, ko in ƙara jira?

Mai_Ƙaura: Jama'a, shawara nake nema. Ina da kwalabe shida na Chablis (daga yankin Burgundy na Faransa), girbin 2014, masu rubutun premier cru, wato na gonaki masu daraja, sai biyu na inabin Riesling daga Jamus. Duka farare ne marasa zaƙi. Tun da na saya suna kwance a ɗakin ƙasa mai sanyi da duhu. Yanzu zan tashi, gidan da zan koma kuwa saman bene ne, rana na dukansa sosai. In buɗe su yanzu, in sayar, ko in sayi ƙaramin firij na inabi in ci gaba da jira? Wanda ya taɓa ajiye fari fiye da shekara goma ya faɗa mini abin da ya tarar.

Ɗan_Ganga: Ajiye abinka, ɗan'uwa. Bordeaux ɗina na 2005 har yau ko gezau.

Mai_Ƙaura: Naka ja ne, Malam. Na ce farare.

Ma'aikaciyar_Tebur: Ba ɗaya ba ne. Ja yana daɗewa tare da ɓawon inabi, daga nan yake samun baurin da ke kare shi. Fari ana matsewa a raba shi da ɓawo da wuri, don haka tsaminsa ne jarinsa. Chablis na da tsami, kuma 2014 shekara ce da fararen Burgundy suka fito da tsami mai kyau, ba irin 2003 da zafi ya dafa inabin Turai ba. In ya tsufa lafiya, launin ya koma ruwan zinariya, ƙamshin lemo ya ja baya, na zuma da kakin zuma da gasasshen burodi su fito, amma tsamin na nan a ƙarshen harshe. Ka ɗaga kowace kwalba a haske. Wadda ta fi sauran duhu, ko ruwanta ya sauka ƙasa da wuya, ita za ka fara buɗewa.

Tsohon_Mai_Ajiya: "In ya tsufa lafiya." Hmm. Yarinya, wannan "in" ɗin ce ta cinye mini kuɗi. Na sayi kwali guda na farin Burgundy girbin 1996, lokacin kowa na cewa shekarar za ta kai ashirin saboda tsaminta. Ba abin da ban yi ba: sanyi daidai digiri 12 zuwa 13, duhu, kwalabe a kwance don toshiyar kada ta bushe. Na hana kaina, na hana baƙi. Da ya kusa shekara goma na gayyaci abokai na buɗe ta farko. Ruwa ya zubo launin shayi, yana warin tuffar da ta daku ta kwana. Na buɗe ta biyu, haka. Ta uku kuwa garau, abin har ya ba ni haushi, don ita ta nuna mini abin da na rasa a sauran. Kwali ɗaya, ɗaki ɗaya, fiye da rabi sun mutu. Daga baya na ji ba ni kaɗai ba ne, fararen Burgundy da yawa daga tsakiyar shekarun 1990 iska ta ci su tun kafin lokaci. Wasu sun ɗora laifin kan toshiya, wasu sun ce an rage farar wutar da ake sawa don kariya, wasu sun ce sababbin injinan matsa ne. Na rubuta wa wanda ya sayar mini, ya amsa da cewa ajiyata ce. Ajiyata! Ni da nake duba ma'aunin zafi kafin in yi karin kumallo.

Ba_Ruwana: Baba, da ka sha a 1999 da yanzu wani labarin kake ba mu 😂

Tsohon_Mai_Ajiya: Ka yi dariya. Ranar da ka zuba kuɗinka a rariya za ka neme ni.

Ɗan_Gwanjo: Sayar kawai. Irin wannan na saya wajen Yuro 30, na sayar kusan ninki biyu.

Kwalba_Ɗaya: Ninki biyu a ina? Ni ƙasa da abin da na biya aka taya nawa, wai ba ni da shaidar inda suka kwana. Kuma masu gwanjo na cire lada. Kwalba shida ba ta kai wahalar ba.

Ɗan_Gwanjo: Ya danganta da sunan mai yin inabin da ke jikin takardar kwalbar.

Kwalba_Ɗaya: To ai bai faɗi sunan ba, ka riga ka yanke masa farashi.

Ma'aikaciyar_Tebur: Riesling ɗin ma ba wanda ya tanka. Su ne suka fi jure jira. Kada ka tsorata in ka ji ɗan warin kananzir, tsohon Riesling haka yake, ba lalacewa ba ne. Wanda ya lalace daga toshiya warin jiƙaƙƙen kwali yake yi. Ni dai ba na sha, amma kullum hancina na cikin kofi kafin in kai wa baƙo.

Ɗan_Ganga: Au, ba kya sha? To mai shinshina ne zai koya wa mai haɗiya?

Ma'aikaciyar_Tebur: Yaya, tsofaffin kwalaben da nake buɗewa a wata sun fi waɗanda ka buɗe tun da ka fara. Kai kuma har yanzu maganar ja kake.

Tsohon_Mai_Ajiya: Gaskiyarta. Amma wanda bai yi asara da aljihunsa ba, shawararsa ba ta da nauyi a wurina.

Kwalba_Ɗaya: Wanda ya yi asara kuma kowace kwalba gawa yake gani. Ni na sha Semillon na kwarin Hunter a Ostiraliya da ya haura shekara goma sha biyar. Ana tsinke inabin da wuri, ƙarfin barasarsa bai wuce kashi 11 cikin ɗari ba, ba ya shiga ganga, amma da ya tsufa sai ka rantse an gasa burodi a ciki. Murfin murɗawa ne a kansa, ba toshiya ba. Masu Riesling na kwarin Clare, can Ostiraliyar, tun 2000 suka haɗa kai suka koma murfin nan.

Ba_Ruwana: Mai_Ƙaura, ni ina da ɗaki mai sanyi. Kawo in ajiye maka. Ba na alkawarin adadi.

Mai_Ƙaura: Na duba. Ɗaya ta fi sauran duhu. Firij ɗin fa, akwai wanda ya gwada?

Ɗan_Gwanjo: Firij ya tuna mini. Me ya sa gidajen abinci ke kawo tsohon fari da sanyi kamar ƙanƙara? Na biya kuɗi mai yawa, ban ji ƙamshin komai ba sai da kofin ƙarshe ya huce. Na ce a cire shi daga bokitin, ma'aikacin ya dube ni sama da ƙasa.

Ma'aikaciyar_Tebur: Tsohon fari bai kamata ya sauka ƙasa da digiri 10 ba, 12 ma ya fi. Amma in na kawo haka, teburi na gaba sai ya ce ɗumi ne, a mayar.

Tsohon_Mai_Ajiya: Ku ai ana mayar muku. Ni na taɓa mayar da mai warin kwali, manajan ya shinshina ya ce "haka tsoho yake", ya saka mini a lissafi.

Ɗan_Ganga: Ka biya?

Tsohon_Mai_Ajiya: Da baƙi a gabana, ya zan yi?