Neman shawara: mai kiɗa ya ce waƙata ta cika kuka, in canza ƙarshen?

Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina rubuta waƙa, kuma duk abun da na rubuta sai ya ɓulle ta wajen tsoro da raunin zuciya, yadda 'yar ƙaramar magana take hana ni barci, yadda nake ganin kamar kowa ya fi ni. Akwai wata da nake so in shiga situdiyo da ita, baiti uku da amshi, to mai haɗa min kiɗa ya saurara yace wai ta cika kuka, namiji baya tona kansa haka, in ƙara baiti a ƙarshe in ce na yi nasara tsoro ya tafi. Ni kuma wallahi bai tafi ba, iyaka dai na daina tsanar kaina a kai. In bi tashi ko in bar ta yadda take?

Wata 'yar uwa: Kar ka ƙara komai ɗan uwa. Abun da ka faɗa yanzu, "bai tafi ba amma na daina tsanar kaina", ai shi ne amshinka, kai ne baka lura ba. Mai sauraro yana gane ƙarya da wuri, in baiti uku kana rawar jiki sai na huɗu ka zama zaki lokaci ɗaya, babu wanda zai yarda.

Wani memba: Ni kuma ina ganin mai kiɗan yana da 'yar gaskiya, ba a maganar namiji ba, wannan kam shirme ne. Amma in ya ce kuka ta yi yawa to duba rubutun, mai yiwuwa kana ta maimaita "ina jin tsoro, zuciyata ta karye" ne ba tare da ka nuna mana komai ba. Nuna mana wayar da take ringin kana kallonta ka kasa ɗagawa, ko saƙon da ka rubuta ka goge ka sake rubutawa ka sake gogewa, daga nan ba sai ka ambaci tsoro ba mu da kanmu za mu ji shi. Kuma kar ka bari neman amsa-amo ya ja ka ka faɗi abun da ba shi ke ranka ba, nan ne da yawa suke ɓata waƙa.

Wani: Kiɗan ma a rage shi, a bar murya a gaba, har numfashinka a ji.

Wata babbar yaya: Ƙanena waƙa daban, lafiyarka daban. Wannan rashin barcin da ka ambata, in ya haɗu da rashin cin abinci ko ka daina jin daɗin abubuwan da ka saba har ya wuce mako 2, ka ga likita, ciwon damuwa ana maganinsa. Rubutu yana rage nauyi amma ba ya maye gurbin wannan. Sannan in akwai sirrin wani a cikin baitukan ka cire, da zarar ta fita ba ta dawowa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya na ji, zan kula insha Allah. Baiti na biyu kam na duba, "tsoro" kawai nake ta nanatawa, shi zan sake. Amma amshin ya fi kyau ya fara zuwa ko sai bayan baitin farko?

Wata 'yar uwa: Bayan baitin farko, bari mu fara jin abun da ke damunka tukuna.